Nazarin lamari: giram 20 na cakuda a ajin SS1 a Zariya, da inda lissafi ya ƙi cika

Abin da za a duba a nan aikin gwaji ne na ɗaliban SS1 a wata makarantar sakandare da ke Zariya, a ƙarshen zangon farko, daidai shigowar hunturu. Darasin shi ne raba cakuda, wanda yake cikin manhajar kemistiri ta ajin, kuma WAEC da NECO sukan yi tambaya a kansa. An kasa ajin rukuni shida. Kowane rukuni ya karɓi cakuda mai nauyin giram 20: yashi giram 8, gishirin girki giram 6, amoniyam kulorayid giram 4, garin ƙarfe giram 2. An faɗa wa ɗalibai abubuwan da ke ciki, amma ba a faɗa musu nauyin kowanne ba. Aikinsu shi ne su fitar da kowane abu daban, a bushe, su auna, su rubuta.

Malamar ta yi wani abu mai kyau tun farko: ta auna wa kowane rukuni nasa daban, maimakon ta haɗa a kwano ɗaya ta riƙa ɗiba. In aka haɗa da yawa, garin ƙarfe yakan gangara ƙasa saboda nauyi da ƙanƙantarsa, sai wani ya samu giram 1, wani 3, kuma ba yadda za a yi a gane laifin ɗalibi ne ko na rabo. Tun da an san abin da aka zuba, sikeli ne zai yi alƙalanci.

Kayan aikin kowane rukuni: maganaɗisu, bika mai cin mililita 100, mazurarin gilas biyu, takardar tacewa, sandar gilas, ɗan kaskon tangaran na ƙafe ruwa, murhun ƙarfe mai ƙafa uku da ragar waya, auduga, awartaki. Rukuni huɗu sun samu murhun Bunsen mai aiki da tukunyar gas, biyu kuma fitilar sifirit. Sikeli ɗaya ne a ɗakin, mai auna kashi ɗaya cikin goma na giram.

Tsarin da ya kamata a bi

Kowane abu a cikin cakudar yana da halin da sauran ba su da shi, kuma da wannan halin ake kama shi. Ƙarfe yana bin maganaɗisu. Amoniyam kulorayid in ya ji wuta, wajen digiri 340 a ma'aunin Salshiyas, sai ya tashi ba tare da ya fara zama ruwa ba, ya sake daskarewa a duk inda ya tarar da sanyi. Gishiri yana narkewa a ruwa, amma wuta ba ta narkar da shi sai ta kai digiri 801. Yashi ba ya bin maganaɗisu, ba ya narkewa a ruwa, wutar ɗakin gwaji kuma ba ta yi masa komai.

Matsalar ita ce halayen suna shiga juna. Amoniyam kulorayid ma yana narkewa a ruwa, kusan giram 37 a cikin mililita 100 a digiri 20, wato daidai wa daida da gishiri mai giram 36. Duk wanda ya zuba ruwa kafin ya sa wuta ya haɗe su a wuri ɗaya. Ƙarfe kuma ba ya shiri da ruwan gishiri, ba ya shiri da hayaƙin amoniyam kulorayid. Saboda haka tsarin ɗaya ne: maganaɗisu, sai wuta, sai ruwa da tacewa, sai ƙafewa.

Rukuni na ɗaya ne kaɗai ya bi wannan daga farko har ƙarshe ba tangarɗa. Sun baza cakudar a kan farar takarda, suka naɗe maganaɗisu da leda, suka riƙa wucewa da shi dab da saman garin. In ya ɗebo, sai su kai shi kan wata takarda, su zare shi daga ledar, ƙarfen ya zube da kansa. Sun maimaita, suna motsa garin tsakani, har maganaɗisu ya daina ɗauko komai. Daga nan suka sake bin ƙarfen da suka tara, domin yakan kwaso ƙwayoyin yashi da gishiri a tsakaninsa. Abin da suka auna a ƙarshe: ƙarfe 1.9, amoniyam kulorayid 3.1, yashi 7.9, gishiri 5.6. Jimla giram 18.5. Gishirinsu ya kai kashi 93 cikin 100 na abin da aka zuba, wanda a ɗakin gwajin sakandare aiki ne mai kyau.

Giram ɗaya da rabi da ya ɓace ba asiri ba ne. Fiye da rabinsa amoniyam kulorayid ne, kuma sun tabbatar da hakan da kansu domin sun auna kaskon kafin wuta da bayanta. Nauyi ya ragu da giram 3.9, amma abin da suka kankaro daga mazurari 3.1 ne. Sauran ya sulale ta gefen mazurari ko ya maƙale a auduga. Wannan awo biyu shi ne abin da ya fi raba aikinsu da na sauran.

Matakin wuta

A nan aka fi samun ɓarna, don haka ya kamata a tsaya a kansa.

Ana zuba garin a kaskon tangaran busasshe, a kife mazurari a kai, a toshe bakin wutsiyarsa da auduga. Sai mazurarin ya zauna daram a cikin leɓen kaskon. In ya fi kaskon faɗi, hayaƙi zai fita ta ƙasa. Ana jiƙa 'yar auduga ko takarda a manna a bayan mazurari don ya riƙe sanyi, amma a matse ta sosai, kada ɗigo ya gangara kan kasko mai zafi ya tsaga shi. Wuta kuma shuɗiya, ƙarama, a ƙara ta a hankali.

Abin da ke faruwa a cikin kaskon ya wuce yadda ake faɗa a aji. Amoniyam kulorayid rabewa yake yi gida biyu, iskar amoniya da iskar haidirojin kulorayid, su tashi, su sake haɗuwa a jikin gilas mai sanyi su koma farin gari. Sanin wannan yana da amfani ta fuska biyu. Na farko, iskokin nan suna cutar da hanci da ido, saboda haka a buɗe tagogi, kuma kada kowa ya leƙa kai tsaye. Na biyu, shi ne bayanin abin da ya samu rukuni na uku.

Rukuni na uku sun wuce da maganaɗisu sau biyu kawai suka ce ya isa. Ƙarfen da suka auna giram 1.2 ne, sauran ya tafi cikin kasko. Da wuta ta kama, haidirojin kulorayid ya ci ƙarfen, abin da ya taru a mazurari ya fito da ɗorawa-ɗorawa maimakon fari tas. Daga baya da suka zuba ruwa, tataccen ruwansu ma ya ɗauki launi, yashinsu kuma ya bushe da ɗigon tsatsa. Kuskure ɗaya a matakin farko ya ɓata abubuwa uku, kuma ba a iya gyara shi da kayan da ke ɗakin.

Rukunonin da ke da fitilar sifirit sun sha jira. Harshen fitilar yana iya kai zafin da ake so, amma ƙarfinsa kaɗan ne, ga ragar waya tana cinye wani, ga iskar hunturu tana kaɗa shi ta tagar da dole a bar ta a buɗe. Bayan minti 15 rukuni na biyar suka ga fari ya rufe mazurari, suka ɗauka an gama. Farin mazurari ba shaida ba ne. Shaidar ita ce a bar kasko ya huce, a auna, a mayar kan wuta na minti 5 da mazurari mai tsabta, a sake aunawa. In nauyi bai motsa ba kuma gilas bai yi fari ba, to an gama. Da fitilar sifirit ya fi kyau a baza garin siriri a kaskon, a kare harshen wuta da gwangwani da aka yanke, kuma a rage amoniyam kulorayid zuwa giram 2 tun wajen haɗawa.

Kada a ɗaga mazurari da zarar an kashe wuta. A ba shi minti 5. Wanda ya yi gaggawa zai ga farin hayaƙi ya tashi sama, wato awonsa ne ke tafiya, kuma gilas mai zafi ba ya nuna alama a ido. Da awartaki ake ɗaukar kasko.

Waɗanda suka fara da ruwa

Rukuni na biyu sun cire ƙarfe da kyau, sannan suka juye sauran a bika suka zuba ruwa. Hujjarsu ita ce a darasin baya an raba yashi da gishiri ta haka. Sun tace, sun ƙafe, suka samu farin gari giram 9.3, suka rubuta shi a matsayin gishiri.

A ido ba a bambance su, dukansu farare ne. Gwajin silba naitiret, ruwan sinadarin da ke yin fari in ya haɗu da kulorayid, shi ma ba zai raba gardama ba, domin kulorayid yake nunawa, kuma dukansu suna da shi. Gwajin da ya dace shi ne a ɗebi kaɗan a kwalbar gwaji, a zuba ruwan sodiyam haidiroksayid marar ƙarfi, a ɗumama. In akwai amoniyam, warin amoniya zai tashi, jar takardar litmos da aka jiƙa aka riƙe a bakin kwalbar za ta koma shuɗiya. Haka aka yi, ta kuwa koma. An yi wa gishirin rukuni na biyar wannan gwaji, shi ma ya nuna, ko da yake ba da ƙarfi ba.

Wannan kuskure yana da magani, kuma a ganinmu bai kamata a zubar da aikin a ce su sake ba. In farin garin ya bushe sarai, sai a mayar da shi kasko, a kife mazurari, a sa wuta. Amoniyam kulorayid zai tashi, gishiri ya zauna. An dai yi zagaye, amma ɗalibin da ya ga giram 9.3 ya dawo ƙasa da 6 a kan sikeli ba zai sake mantawa da tsarin ba. Sharaɗin shi ne bushewa. In da sauran danshi, tururi zai taru a mazurari ya narkar da abin da ya daskare ya dawo da shi ƙasa.

Ruwa da tacewa

Ruwa nawa ake bukata? Giram 6 na gishiri yana narkewa a cikin mililita 17 ko kusa da haka. A aikace ana zuba 25, a motsa da sandar gilas na minti biyu, a bar yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan cikin mazurari, a ƙara 15 a maimaita. Sannan a kwashe yashin zuwa takarda a ɗauraye shi da mililita 10 sau biyu. Duka 60 ke nan. Rukuni na shida sun cika bika, sun sake cikawa, har suka tara kusan 180. Ba su ɓata komai ba, amma ƙafe ruwa yana cin wuta sosai, kowane giram sai ya sha zafi kusan jul 2,260 (jul ma'aunin makamashi ne) kafin ya zama tururi, don haka sun ninka wa kansu aiki sau uku, aka tashi ba su gama ba.

Ɗumama ruwan yana sa gishiri saurin narkewa, amma ba ya ƙara yawan da zai narke sai kaɗan: daga giram 36 zuwa kusan 39 a tafasa. Wannan ne dalilin da ya sa ba a samun gishirin girki ta hanyar sanyaya ruwa mai zafi, kamar yadda ake yi da wasu gishirin sinadarai irin su fotasiyam naitiret. Shi sai an kori ruwan.

Takardar tacewa ana ninka ta biyu, a sake ninkawa, a buɗe ta yadda ɓangare ɗaya zai zama falle uku, ɗayan falle ɗaya. A jiƙa ta da ɗigon ruwa ta manne da gilas. Wutsiyar mazurari ta taɓa jikin bikar da ke ƙasa don kada ruwa ya fantsama. Ana zuba ruwa ta jikin sandar gilas, a gefen falle uku, kuma kada ya kai bakin takarda, a bar kamar santimita ɗaya. Duk wadda ta taɓa tace ruwan toka a gida ta san dabarar: abin da ya narke ya bi ruwa, abin da bai narke ba ya tsaya. Bambancin ɗakin gwaji shi ne ana son duka biyun, kuma ana son nauyinsu.

Rukuni na shida sun gamu da matsalar da ba tasu ba ce. Yashin da aka wanke ya ƙare kafin a haɗa nasu, sai aka ɗebo daga tarin yashin gini da ke harabar makarantar. Yashin rafi na wannan yanki, irin wanda ake ɗebowa a bakin Galma ko Kubanni, yakan zo da laka da jar ƙasa. Ƙwayar yumɓu ba ta kai maikiron 2 ba (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ƙofofin takardar tacewa ta yau da kullum, irin Whatman lamba 1, kuwa wajen maikiron 11 ne. Sai yumɓun ya fara wucewa, ruwa ya ƙi yin garau, can kuma ya toshe ƙofofin, ɗigo ya tsaya. Wani ɗalibi ya sa sandar gilas yana motsa cikin mazurari don ya taimaka, jiƙaƙƙiyar takarda ta huje, yashi ya bi. Abin yi a irin wannan hali shi ne a bar bika ta zauna minti 10, a tsiyaye, a sake tace ruwan farko a takardar da ta riga ta ɗan toshe, domin a lokacin ta fi kama ƙanana. Amma gyaran gaskiya a ɗakin shiri yake: a wanke yashi har ruwansa ya fito fes, a shanya, a tankaɗe, sannan a bi shi da maganaɗisu, domin yashin rafi yakan ɗauki baƙaƙen ƙwayoyi masu ƙarfe da za su ƙara wa awon ƙarfe nauyi.

Yashin da ya yi ƙiba

Rukuni na huɗu sun rubuta yashi giram 9.6, gishiri 4.1. Yashi ba ya haihuwa, saboda haka giram 1.6 ɗin daga wani wuri ya zo.

Ba su ɗauraye yashin ba. Giram 6 a cikin mililita 40 yana nufin kowane mililita yana ɗauke da giram 0.15 na gishiri. In yashi da takarda suka riƙe mililita 4, giram 0.6 ya tsaya tare da su. Sauran nauyin ruwa ne. Sun ɗora takardar a taga, iskar hunturu ta busar da saman cikin ɗan lokaci, suka taɓa suka ji a bushe, alhali ƙasan yana jiƙe. Hanyar tabbatarwa ita ce wadda aka ambata a baya: a ɗumama, a huce, a auna, a maimaita har awo biyu su zo ɗaya. A kuma tuna a auna takardar tun tana busasshiya a cire nauyinta.

Ana gane an gama ɗauraya ne in aka tari ɗigon ƙarshe daga mazurari aka ɗiga masa silba naitiret bai yi fari ba. Sai dai gwajin ba shi da amfani in ruwan ɗaurayar na rijiya ne ko na burtsatse, domin su kansu sukan ɗauki kulorayid. Ruwan leda ma ba ya cikin lissafi: an tace shi don sha, ba lallai ne an cire masa gishirin da ke narke ba. Ruwan da aka tafasa aka tara tururinsa ake bukata. In babu, a gwada ruwan da ake da shi tukuna, a rubuta abin da ya nuna.

Sauran asarar gishirinsu a wajen ƙafewa ta faru. Sun bar wuta da ƙarfi har ƙarshe. Da ruwa ya ja baya, sai gishiri ya yi ɓawo a sama, tururin da ke ƙasa ya riƙa fasa shi, ƙwayoyi suna tartsatsi har kan tebur. Ana jin ƙarar, ƙas-ƙas, kuma wannan ce alamar a janye wuta. Ƙa'idar ita ce kada kasko ya wuce rabi, a tafasa a hankali har ƙwayoyi su fara fitowa a gefe, sannan a ɗora kaskon a kan bika mai tafasasshen ruwa tururi ya ƙarasa aikin. A lokacin hunturu ana iya barinsa ya kwana, amma a rufe da takarda mai huji saboda ƙura. Wanda ya yi haƙurin haka zai samu ƙwayoyi masu kusurwa huɗu da ake gani da ido, maimakon gari. Da damina abin ba ya yiwuwa: in danshin iska ya haura kashi 75 cikin 100, gishiri jan ruwa yake yi, sai a wayi gari nauyi ya ƙaru. Tabarau na kariya a wannan mataki dole ne. Kuma ba a ɗanɗana gishirin da ya fito, ko da kuwa daga kasuwar Sabon Gari aka sayo shi jiya, tun da ya zauna da amoniyam kulorayid a kaskon ɗakin gwaji.

Ruwan rukuni na shida

Tun da ba su gama ƙafewa ba, a darasi na gaba malamar ta yi amfani da ruwansu ta nuna yadda ake dawo da ruwan kansa. Aka zuba shi a tulun gilas bai wuce rabi ba, aka jefa gutsattsarin tangaran don tafasar ta tafi lami lafiya, aka sa kan ma'aunin zafi daidai bakin bututun da tururi ke fita, ba cikin ruwa ba. Famfo ba ya kawo ruwa a ɗakin, sai aka ɗora bokiti a kan kabad aka ja tiyo. Ruwan sanyaya yana shiga na'urar Liebig, wato bututun tururi da ke cikin rigar gilas don mayar da tururin ruwa, ta ƙasa ya fita ta sama, don rigar gilas ɗin ta cika. In aka juya, ruwan gangarewa kawai yake yi, rabin bututun ya zauna da zafi.

Ma'auni ya tsaya a 98. Fiye da rabin ajin suka rubuta 100, saboda abin da ke littafi ke nan, wasu kuma suka ce ma'aunin ya lalace. Lafiyarsa lau. Zariya tana kan tudu, sama da mita 600 daga doron teku, kuma kowace mita 300 tana rage wa zafin tafasar ruwa kusan digiri ɗaya saboda raguwar nauyin iska. Wanda ya rubuta 98 ya yi daidai, kuma a wajen ba da maki shi ya kamata a fifita. An ɗiga silba naitiret a ruwan da ya taru, bai yi fari ba. An kashe wuta tun da sauran ruwa a tulun, domin ba a barin tulun gilas ya ƙafe ƙaf a kan wuta, sannan aka juye abin da ya rage a kasko aka ƙarasa a kan tururi. Gishirin ya fito giram 5.3, da ɗan ja-ja na yumɓun da ya wuce takarda.